Darasi: Wace bisa ke haihuwa da wace, kuma me ya sa?

Darasinmu na wannan karon ya taso ne daga tambayoyi uku da nake yawan samu a wuraren horo da wajen allurar rigakafi. Ta farko: idan rago ya hau akuya, za ta ɗauki ciki? Ta biyu: me ya sa alfadari ba ya haihuwa, alhali uwarsa da ubansa duk suna haihuwa? Ta uku, wadda ta fi taɓa aljihu: idan muka haɗa saniyarmu Azawak da bijimin Turai, riba za mu ci ko asara?

Tambayoyin nan uku tushensu ɗaya ne. Wanda ya gane tushen, zai san inda zai sa kuɗin ƙungiya, kuma zai san lokacin da ya kamata ya kira likitan bisashe da gaggawa.

Jinsi daban, iri daban

Mu fara raba kalmomi biyu, domin a kansu darasin ya ginu. Idan na ce "jinsi", ina nufin babban gida: shanu jinsi ne, awaki jinsi ne, haka tumaki, raƙuma, jakuna da dawaki. Idan na ce "iri", ina nufin ɗakunan da ke cikin gidan. A gidan shanu akwai Azawak, Bororo, Gudali, Jalli da Kuri. A gidan tumaki akwai Balami, Uda, Ara-ara da Kundum mai gashi ta bakin kogin Isa. A gidan awaki akwai jar akuyar Maraɗi da doguwar akuyar Sahel.

Ƙa'idar ita ce: bisashen da ke cikin jinsi guda suna barbara, su haihu, ƴaƴansu ma su haihu, komai bambancin launi ko girma. Ragon Balami da tunkiyar Uda ba su da wata matsala. Amma idan aka tsallaka daga wani jinsi zuwa wani, yawanci ba a samun komai, in kuma an samu, abin da aka haifa ba ya ci gaba da zuriya. Kama da wane ba ta wane.

Igiyoyin gado

Jikin kowace bisa an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu ƴan igiyoyi da masana ke kira kuromozom. A nan zan kira su igiyoyin gado, domin a kansu aka ajiye duk abin da ɗa ke gada: launi, tsawon ƙafa, siffar ƙaho, yawan nono, jure zafi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to ta cikin igiyoyin nan ne gudun ke bi.

Kowane jinsi yana da adadinsa:

- saniya: 60
- akuya: 60
- tunkiya: 54
- doki: 64
- jaki: 62
- raƙumi: 74
- mutum: 46

Igiyoyin suna zaune biyu-biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ku ɗauke su kamar kwano da murfinsa. Lokacin da jikin namiji zai haɗa maniyyi, ko jikin mace zai haɗa ƙwai, sai kowane kwano ya nemi murfinsa su daidaita, sannan a raba su gida biyu. Saboda haka maniyyin bijimi na ɗauke da 30, ƙwan saniya na ɗauke da 30, in sun haɗu maraƙi ya samu 60 cif. Ku riƙe wannan rabon da kyau, don shi ne amsar tambayar alfadari.

Shingaye huɗu

Tsakanin jinsi biyu akwai shingaye huɗu, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne hali. Kowane namiji yana gane macen jinsinsa ta wari, da kuka, da yadda take tsayawa idan tana neman barbara. Yawanci a nan maganar ke ƙarewa.

Na biyu shi ne haɗuwar maniyyi da ƙwai. Ko an yi hawan, ƙwan mace yana da kariya, ba kowane maniyyi ke iya shiga ba.

Na uku shi ne ciki. Ko ƙwan ya kama, mahaifa na iya ƙin ɗan tayin, ya mutu tun yana ƙarami.

Na huɗu shi ne haihuwar ɗan da aka samu. Yana iya fitowa lafiyayye, ya girma, ya yi aiki, amma shi ba zai haihu ba.

Gwargwadon kusancin jinsi biyu, gwargwadon yawan shingayen da suke iya tsallakewa.

Alfadari: ya tsallake uku, ya tsaya a na huɗu

Alfadari ɗan jaki ne da goɗiya. Goɗiya ta ba shi igiya 32, jaki ya ba shi 31, jimla 63. Wannan ya ishe shi ya rayu da ƙarfinsa. Yana ɗaukar girman doki da juriyar jaki, shi ya sa a ƙasashe masu duwatsu kamar Habasha da Maroko ake ji da shi wajen dako. Amma idan jikinsa ya zo haɗa maniyyi, kwanonin doki ba su samun murfin da ya yi musu daidai a cikin na jaki, ga kuma guda ɗaya da ya rage ba abokin zama. Rabon ba ya yiwuwa, sai maniyyin ya kasa nuna. Namijin alfadari yana da sha'awa, yana hawa, amma ba ya ba da ciki, don haka ake dandaƙe shi ya natsu ga aiki. An taɓa samun alfadara mace ta haihu jefi-jefi a duniya, abin da ba a gina lissafin kiwo a kansa.

Ana iya juya haɗin, ingarman doki ya hau jaka, amma cikin ya fi wuyar kamawa, ɗan kuma ya fi ƙanƙanta. Wanda ke da niyyar samar da alfadari ya san abu biyu. Duk wanda yake so sai ya koma ga jaki da goɗiya, don ba ya da zuriya. Sannan jaririn alfadari ya fi ɗan doki haɗarin wata cuta da ke zuwa ta dakashi: jinin goɗiya na iya ɗaukar jinin jaki a matsayin baƙo, nonon farko ya farfasa jinin jaririn, idanunsa su yi ɗorawa kamar mai shawara cikin kwanakin farko. In an ga haka, a raba shi da nonon uwar nan take a kira likita.

Rago da akuya

Awaki da tumaki suna kwana garke ɗaya, suna shan ruwa kwami ɗaya, amma akuya na da 60, tunkiya na da 54, kuma nisan da ke tsakaninsu ya fi na doki da jaki. Yakan faru rago ya hau akuya, musamman ragon da akuya ta shayar tun yana maraya, domin yakan tashi yana bin jinsin wadda ta raine shi. Ƙwan na iya kamawa, amma ɗan tayin yakan mutu tun cikin bai wuce wata biyu ba. Bunsuru a kan tunkiya kuwa da wuya ma ƙwan ya kama. Samun ɗa mai rai abu ne da ake ba da labarinsa a duniya saboda ƙarancinsa. A shekarar 2000 aka bayyana labarin wani a ƙasar Botswana, ɗan rago da akuya, mai igiya 57. Namiji ne, yana yawan hawa, amma ba ya ba da ciki, daga baya aka dandaƙe shi.

Don haka idan wani a kasuwa ya nuna muku bisa ya ce rabi tunkiya ce rabi akuya, yana neman kuɗi mai yawa, ku duba ta da kanku. Tumakinmu masu gajeren gashi ne, wasu kan yi kama da awaki. Wutsiyar tunkiya a saukar take, ta akuya a ɗage. Tunkiya na da ɗan rami a ƙasan ido, leɓenta na sama kuma a tsage yake sosai. Gemu da warin nan mai ƙarfi na bunsuru ne.

Inda haɗarin yake: ɓari

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan shi ne, na sha jin an ce "rago ne ya hau ta" idan akuya ta yi ɓari, sai a bar maganar a nan. Cikin da rago ya ba akuya yana lalacewa ne da wuri, sau da yawa mai ita bai ma san ta ɗauka ba. Ɓarin da ake ganin ɗan tayi da siffarsa, a wata na huɗu ko na biyar, dalilinsa wani ne: yunwa, duka, ko cuta. In kuwa bisashe da yawa suka yi ɓari cikin ƴan kwanaki, to cuta ce har sai likita ya ce ba ita ba ce.

Shingen da ke hana jinsi biyu haihuwa ba ya tare cuta. Bakkale, wanda likitoci ke kira burusaloz, yana kama shanu, awaki, tumaki da raƙuma, yana sa ɓari a ƙarshen ciki, kuma yana shiga jikin mutum ta ɗanyen nono da ta taɓa mabiyiya. Annobar ƙananan bisashe da ake yi wa allura kowace shekara tana kama awaki da tumaki tare. Zazzaɓin kwarin Rift, wanda sauro ke yaɗawa, yana zubar da cikin tumaki, awaki, shanu da taguwoyi, yana kuma kama mai yanka da mai karɓar haihuwar bisa. A damanar 2016 ya ɓulla a jahar Tawa, wajen Cintabaradan da Tasara, bisashe suka yi ta ɓari, mutane kuma suka rasu.

Idan bisa ta yi ɓari: a ware ta daga garke, a sa leda ko safar hannu kafin a taɓa ɗan tayin da mabiyiya, a binne su cikin rami mai zurfi inda kare ba zai tono ba, a wanke hannu da sabulu, a tafasa nono kafin a sha. Mace mai ciki da yara kada su kusanci wurin. A sanar da ma'aikacin kiwo mafi kusa a ranar.

Adadi kaɗai ba ya yanke hukunci

Mai lura zai ce: saniya na da 60, akuya na da 60, me ya hana su? Abin da ya hana su shi ne, daidaiton adadi ba ya nufin daidaiton abin da ke ciki. Kwano talatin da murfi talatin ba su da amfani in ba daga maƙera ɗaya suka fito ba. Abin da aka ajiye a kan igiyoyin saniya, da yadda aka jera shi, ya yi nisa da na akuya.

Ana kuma samun akasin haka. Dokin dajin Mongoliya na da 66, dokin gida na da 64, amma suna haihuwa, ɗansu mai 65 shi ma yana haihuwa, saboda abin da ke kan igiyoyin kusan ɗaya ne, ɗaurin ne ya bambanta. Raƙuminmu mai tozo ɗaya da raƙumin Asiya mai tozo biyu duk suna da 74. A Kazakistan da Turkiyya ana haɗa su da gangan, a samu raƙumi mai dogon tozo guda, ya fi iyayensa girma, kuma yana haihuwa. A Dubai a 1998 masana sun yi amfani da barbarar allura suka samu ɗa tsakanin amale da wata ƙaramar dabbar Kudancin Amurka ta dangin lama, abin da ba zai yiwu a garke ba saboda bambancin girma. A tsaunukan Tibet da Nepal ana haɗa saniya da wata bisa mai gashi da ake kira yak: matan da aka haifa suna haihuwa, mazan ba su yi. Wannan ƙa'ida ce da wani masani ɗan Ingila mai suna Haldane ya bayyana tun 1922: a cikin masu shayarwa, in ɗaya daga cikin ƴaƴan haɗin zai rasa haihuwa, namiji ne yakan fara rasawa. Ɓaunar dajin W kuwa, duk da kamarta da saniya, ba ta haihuwa da ita.

Barbara tsakanin iri: ƙofa a buɗe take

Yanzu tambaya ta uku. Shanu masu tozo, irin Azawak da Bororo, da marasa tozo, irin Kuri da shanun Turai, duk suna da 60, suna haihuwa da juna, ƴaƴansu maza da mata suna haihuwa. Babu shinge ko ɗaya. Saboda haka a nan hankalin makiyayi ne kaɗai shinge.

Ƴar farko ta saniyar Azawak da bijimin Turai, kamar Holstein, rabi da rabi ce. Takan fi uwarta nono, ta fi dangin ubanta jure zafi. Amma nonon daga ciki yake fitowa. Tana buƙatar dusa, gurya ko ƙuli, harawa, ruwa mai yawa kowace rana, inuwa, da maganin kaska a kan lokaci. Mai ƴan shanu kaɗan a gefen Yamai ko Maraɗi, da kasuwar nono kusa da shi, yana iya cin riba. Mai tafiya da garke daga kudu zuwa Ingal da damana, ya dawo da rani yana jan ruwa daga rijiya mai zurfi, ita za ta fara kwantawa a garkensa.

Sai a kula da abin da ke biyowa. In aka sake ba ƴar rabin nan bijimin Turai, ɗanta na da kashi 75 cikin 100 na jinin waje. A karo na gaba ya zama 87 da rabi. Da kowane mataki juriya na raguwa: haki da rana, kaska, kirci, jinkirin ɗaukar ciki. In kuma aka haɗa ƴan rabi da junansu, ƴaƴan ba su fitowa bai ɗaya, wani ya bi nan, wani ya bi can. Sannan ba a ba ƙaramar karsana bijimi mai babban jiki, don kada ɗan ya maƙale wajen haihuwa.

Akwai kuma asarar da ba a gani da wuri. Shanun Kuri na tafkin Cadi, masu manyan ƙahoni marasa nauyi, masu iyo tsakanin tsibirai, suna raguwa saboda cuɗanya da shanu masu tozo. Idan iri ya narke, babu kasuwar da za a sayo shi. Shi ya sa ƙasa ta kafa cibiyoyi: Tukunus a wajen Filinge domin Azawak, Sayam a jahar Difa domin Kuri, da cibiyar awaki ta Maraɗi da aka buɗe a 1963 domin jar akuya. Jar akuya an san ta da yawan tagwaye da fatar da ake nema har ƙasashen waje, amma gajeriyar ƙafa gare ta, ta fi dacewa da ƙasar noma. Doguwar akuyar Sahel ita ce ta tafiya mai nisa. Ƙungiyar da ke raba jajayen awaki ta hanyar habbanaye, in ba ta tanadi jan bunsuru na gaske ba, bayan haihuwa biyu ko uku abin da aka raba ya sake kama.

Idan kusancin ya yi yawa

Nisa na hana haihuwa, kusanci mai yawa kuma na raunana ta. Kowace bisa na ɗauke da ƴan lahani a ɓoye, waɗanda ba su fitowa sai ɗa ya gaje su daga ɓangare biyu. In bunsuru ya hau ɗiyarsa, kashi 25 cikin 100 na gadon ɗan abu guda ne ya zo masa sau biyu. In ƴan uba ɗaya ne, kashi 12 da rabi. Abin da ke biyo baya: ƙananan ƴaƴa, mutuwa kafin yaye, ƙarancin nono, wani lokaci naƙasa a baki ko ƙafa.

Lissafin lokaci mai sauƙi ne. Cikin akuya wata 5 ne, ɗiyarta kuma na iya neman barbara tana da wata 7 zuwa 10. Kenan bunsurun da ya wuce shekara guda a garke yana dab da hawan ɗiyansa. Haka rago. Bijimi kuwa yana da wajen shekara 3 zuwa 4 kafin karsanun da ya haifa su isa.

Abin da nake ba ƙungiya shawara ta yi

1. A buɗe littafi, a rubuta kowane namijin barbara: irinsa, inda aka sayo shi, ranar da ya shiga garke.
2. A yi musayar bunsuru da rago da wani ƙauye kafin su cika shekara ɗaya da rabi, bijimi kafin shekara 4.
3. Sabon namiji a ware shi mako 3, a duba maraina ko da kumburi, a yi masa allura da maganin tsutsa kafin ya shiga cikin mata, domin musayar namiji hanya ce ta shigowar cuta.
4. A dandaƙe mazan da ba a zaɓa ba tun suna ƙanana, a yi kiwon turka da su domin kasuwar layya.
5. Kafin a karɓi barbarar allura da jinin waje, membobi su zauna su lissafa abinci da ruwan watannin rani, da wanda zai sayi nonon. In lissafin bai fita ba, a nemi zaɓaɓɓen bijimin Azawak.
6. Duk ɓarin da ya wuce ɗaya cikin mako guda, a kai rahoto.

A darasi na gaba za mu duba yadda ake zaɓen namijin barbara ta hanyar tarihin uwarsa, da alamomin da ake dubawa a jikinsa ranar kasuwa. Wanda ke da tambaya ya miƙa ta ga shugaban ƙungiyarsa ko ma'aikacin kiwo na yankinsa. Allah ya albarkaci garke, ya ba mu damana mai albarka.